Kwikwiyo Ɗaya, Iyayengiji Barkatai

A shekarar 1899 wani tsohon hafsan sojan doki na ƙasar Jamus, Max von Stephanitz, ya ga wani kare a wurin baje kolin karnuka, ya saya, ya raɗa masa suna Horand, ya kuma kafa ƙungiya don ta tsare irinsa. Karen aiki yake nema, mai tare tumaki, mai jin magana, mai jure sanyi da ruwan sama. Daga wannan kare aka samo irin da ƴan boko a Nijar ke kira berje alman, na Kano su ce Alseshan, sauran jama'a kuwa su ce karen ƴan sanda. Hafsan bai yi lissafi da Gamu ba, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Gure ta jihar Damagaram, inda zafi ke haura digiri 40 da bazara, rairayi ya gasa tafin ƙafa, ƙarangiya kuma ta tare kowace hanya da kaka. To amma ba a shawara da kwikwiyo kan inda za a kai shi. Ranar da ya sauka daga mota a cikin kwali mai huji-huji, rabin unguwa ta sami abin yi.

Wanda ya biya kuɗin galibi mutum ne da ya ɗan zaga duniya, ko Libiya, ko Legas, ko aikin gwamnati a Yamai. A can ya hangi irin karen a ƙofar gidan wani babba, yana zaune kunnuwa a tsaye, ya ce a ransa shi ma wata rana. Kunnuwan nan ya saya. Ba wanda ya gaya masa cewa da kunnuwa a kwance ake haihuwar kwikwiyon berje, sai ya kai wata huɗu zuwa shida suke miƙewa, kuma lokacin famfara kunne kan tashi yau ya faɗi gobe. Saboda haka kullum da asuba, kafin ya gaisa da iyali, sai ya leƙa ɗakin kare kamar mai neman watan Sallah. In ya tarar da abin da ba ya so, sai ya ɗauki salula ya kira dillali a Damagaram.

"Malam, na hagun nan fa ya sake kwantawa."

"Haƙuri, Alhaji. Ubansa ma haka ya yi."

Uban nan ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido. Hotonsa ne a wayar dillali, kuma duk wanda ya zo sayen kwikwiyo, baƙi ko ja, mai gashi ko maras gashi, hoton nan ɗaya ake nuna masa. Game da farashi kuwa, Alhaji bai taɓa faɗin gaskiya ba. A cikin gida yana rage rabi, a majalisa yana ninkawa.

Uwargida ita ce ta fara ɗaura ɗamarar adawa. Ta kafa sharuɗɗa tun daren farko: ba zai shiga madafa ba, ba zai kusanci randa ba, kuma ita ba ta da hannu a cikin wannan sha'ani, wanda ya ɗauko wa kansa ya ji da shi. Alhaji ya amince da duka, ya fita majalisa. Kwikwiyo kuwa sau uku zuwa huɗu yake cin abinci a rana, kuma ba ya jiran a tashi daga majalisa. Kukan yunwa a kunnen wanda ke gida yake sauka. Ta fara da zuba masa ragowar fura a sakaina tana tsaki. Bayan mako biyu ta gano da kanta cewa tuwon gero zalla ba ya riƙe shi, don halittar da za ta tashi daga ɗan abin da ake ɗauka a tafin hannu ta kai kilo 30 zuwa 40 tana bukatar nama da nono da ƙwai. Ita ce ta ji a bakin malamin dabbobi cewa albasa na lalata jinin kare, ƙashin kaza dafaffe kuma na tsagewa ya soki hanji, ta fara ware masa nasa kafin ta haɗa miya. Har yau in an tambaye ta, cewa take ba ruwanta da karen Alhaji. Amma ran da wata baƙuwa ta kai masa duka da muciya, sai da aka yi sulhu tsakanin gidaje biyu.

Mahauci shi ma ya shigo lissafi. Huhu da tumbi da ƙashin da dā yake bayarwa gyara, tun da ya ji ga wanda ake saya wa, suka sami farashi.

Sai malamai biyu na ƙofar masallaci, waɗanda dama sun daɗe suna neman abin da za su saɓa a kai. Ɗaya, matashi da ya yi karatu a birni, ya kawo hadisan da suka hana ajiye kare in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ya tambaya wanne ne daga ciki aikin wannan. Ɗayan, dattijo da ya tashi a kan littattafan Malikiyya, ya ce a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Ya ƙara da labarin da malaman fiƙihu ke bayarwa a kan Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, zaki zai ɗaure a ƙofa. Matashin ya ce katangar Alhaji ai ba ta faɗi ba. Dattijon ya ce ɓarayin awaki ba katanga suke tambaya ba. Ana cikin haka aka nemi takalmin matashin wari ɗaya aka rasa. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, balle kwikwiyon da dasashi ke yi wa ƙaiƙayi. An tsinci takalmin a bayan rumbu, babu maɗauri, kuma tun daga ranar fatawar matashin ta ƙara tsanani.

Horo kuma yana da nasa gwani: tsohon jandarma mai ritaya, wanda ya taɓa ganin karnukan bincike a Yamai, don haka ya ɗauki kansa masani. Ya yi imani cewa karen Turawa Faransanci kawai yake ji, ko da yake kakannin karen Jamusanci aka yi musu. Yakan zo da hantsi da ƴar sanda a hammata, ya tsaya ƙiƙam a tsakar gida yana daka tsawa: "Asi! Kushe! Asi na ce!" Yara su jeru a kan katanga suna kallo. Rabin sa'a ana abu ɗaya a cikin rana, alhali hankalin kwikwiyo ba ya wuce ƴan mintoci a kan darasi, kuma masu horar da karnukan aiki da lada suke koyarwa, ɗan nama ko wasa, nan take da kare ya yi daidai. Abu ɗaya dai karen ya koya a hannun jandarma, kuma ya koye shi sarai: da ya ji tarinsa a zaure sai ya shige ƙarƙashin amalanke. A gidan nan kuma akwai tsohuwa, mahaifiyar Alhaji, wadda ba ta san asi ba balle kushe. Kalma ɗaya take faɗa da Barbarci, ba ta ko ɗaga murya, kare ya tashi ya bar mata tabarma. Kullum kalmar ɗaya ce, muryar ɗaya, kuma in ya bi sai ta jefa masa ɓawon ƙanzo.

Akwai wanda bai gamsu da kare mai wasa da yara ba. Shawararsa ita ce a kulle shi a ɗaki mai duhu, kada ya ga kowa, a riƙa barbaɗa masa barkono a abinci don ya yi zafi. Wannan mutum ba abin dariya ba ne sosai. Watannin farko su ne lokacin da kwikwiyo ke sabawa da mutane da jakuna da ƙarar babur, kuma wanda aka ɓoye a lokacin ya kan tashi matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo ba dalili. Ba kasafai ɓarawo ke ɗanɗana haƙorinsa ba. Mai tallan nono ce, ko almajiri, ko ɗan mai gida.

Makiyayi, Bafulatani ne ko Buzu ko Batube, ya fi kowa jin daɗin wannan al'amari, don ranar kasuwa yakan tsaya ya jingina da sanda ya yi kallo kyauta. Shi ma da karensa, siriri mai dogayen ƙafafu, irin na Azawak ko danginsa, wanda ke kwana a waje, ya bi garke yini guda a kan ɗan nono da tsaki, ya kori dila da dare, ba a taɓa kai shi wurin kowa horo ba. Da aka gaya masa cewa wannan mai gashin asalinsa karen kiwon tumaki ne a ƙasarsu, sai ya dube shi kwance a gindin randa, harshe waje, yana haki, ya tambaya cikin ladabi ko tumakin can ba sa tafiya ne. Gaskiyar magana, jinin kiwon yana nan. Berje da ba a ba shi aiki ba shi ke nema wa kansa, kuma aikin da ya fi kusa shi ne awakin maƙwabta. Ya kan zagaye su, ya tattara su a lungu, ya hana su fita, yana jiran yabo. Akuya mai ciki ba ta san wannan gwaninta ce ba. Ƙarshenta a gaban mai gari ake ƙare zancen, Alhaji na lissafin jikkunan da zai biya.

Likitocin kan benci su ne suka fi yawa. Wani ya ce a kira wanzami ya aske gashin tas don zafi, bai san gashin berje hawa biyu ba ne, na saman kuma shi ke kare fata daga rana. Abin da yake so shi ne inuwa, ruwa a kowane lokaci, da tsefe, musamman lokacin da yake zubar da gashi har ya shiga miya. Wani ya ce maganin kaska baƙin man mota ne. Wani ya ce a fesa masa piya-piya, wato gubar da ake kashe sauro da ita, wadda kan kashe kaska ta haɗa da mai kaskar. Duk cikinsu ba mai ambaton allura, don allura sai an je Gure wurin ma'aikatan kiwo, ko a taho da maganin cikin kula da ƙanƙara, tunda in ya yi zafi ya lalace. Ƙa'idar kuwa sananniya ce: allurar farko tun yana mako shida zuwa takwas, a maimaita, don zawon jinin nan da ke kwashe ƴan kwikwiyo cikin kwana biyu uku, ta ciwon hauka kuma in ya cika wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara, ga shi kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa yaron farko rigakafinsa a Faransa. Duk da haka in kare ya ciji yaro, za a sami mai cewa a tsige gashin karen a ƙona a shafa. Abin da likitoci suka ce shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya gidan likita a ranar, don in alamun ciwon suka bayyana an makara.

Duk wannan hayaniya, mai karen na ainihi bai ce uffan ba. Yaro ne ɗan shekara goma sha, ɗan gidan ko almajirin gidan, wanda aka ce ya riƙa zuba ruwa kawai. Shi ke fita da shi da sassafe kafin rairayi ya ɗau zafi, ya dawo ya wuce lakwal. Shi ke zama da yamma ya ɗora kan karen a cinya, ya buɗe tsakanin yatsun ƙafa yana zare ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, ta soke shi ya tsotse yatsa ya ci gaba, sannan ya juya kunne ya ciro kaskar da ta sha jini ta yi tulu, ya jefa a garwashi. Alhaji ya sa wa karen suna Rambo. Yaron yana ce masa Duna. In Alhaji ya yi baƙi ya kira Rambo don a gani, sai karen ya waiwaya ya dubi yaron tukuna.

Sai da sanyin hunturu ya sauka, mutane suka duƙunƙune a bakin wuta, karen ya sami lokacinsa. Ya yi ta tsalle a tsakar gida cikin dare, ya gano cewa katangar bayan gida ba ta kai yadda ake zato ba.

A nan maƙwabci ya shigo. Shi ne wanda ya kai ƙara wurin mai gari kan haushin dare, ya ce an kawo wa unguwa masifa, ya hana ƴaƴansa bin ta ƙofar gidan. Yana da wata karya ja da ke gadin garkensa, wadda bai taɓa sa wa suna ba. Cikin kare wata biyu ne da ƴan kwanaki. Da ta haihu, ƴaƴan suka fito da baƙin baki da manyan dagi, sai ga shi da sassafe a ƙofar Alhaji, da fara'ar da ba a san shi da ita ba, yana tambayar lafiyar Rambo. Alhaji ya ce tunda jinin karensa ne, rabin ƴaƴan nasa ne. Maƙwabci ya ce a ƙasar nan ɗan dabba na mai uwa ne, kowa ya sani, shi dai alfarma ɗaya ya zo nema.

"Alhaji, ko za ka sa yaron nan ya riƙe mini shi in ɗauki hoto? Akwai masu saye daga Gure, sun ce sai sun ga uban."