Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga MTH 102

Ranka ya daɗe,

Da fatan kana lafiya, kai da wanka MTH 101 da sauran 'yan gidanku da ke jiran mu a aji biyu. Mu ne ɗaliban shekarar farko na kimiyya da injiniya, waɗanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ɗaura mana aure da kai ba tare da an ji ta bakinmu ba. A takarda an ce kai lissafin share fage ne. A ɗakin lakca kuwa kowa ya san kalkulas ne sunanka na yanka.

Mun karanta sharuɗɗanka. Ka ce sai wanda ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci zai shiga jarrabawa. To, madalla. Sai dai ka taɓa tsayawa a bayan ɗakin ka hango allo? Daga can ba a bambance dy da dx, muryar malam kuma takan ƙare a layi na goma. Takardar sa hannu ce kaɗai ke isa ko'ina, ita ma sai ka ga mutum ɗaya da biro kala uku yana cika wa abokansa zumunci.

Ainihin ƙorafinmu rabon maki ne. Tes da aikin gida 30, jarrabawa 70. Wato abin da mutum ya tara a zango guda bai kai rabin abin da za a yanke masa cikin awa biyu ba, ko da zazzaɓi ya kwana. Sannan ga matakala: A daga 70, B daga 60, C daga 50, D daga 45, E daga 40. Duk abin da ke ƙasa da haka F ne. Wanda ya rubuta lambarsa kawai ya yi barci, da wanda ya yi gumi ya samu 39, duk kabari ɗaya ka haƙa musu. Abin mamaki, kai ne ka shafe makonni kana koya mana limit, kana cewa lamba takan kusanci wata lamba har tazarar ta zama ba abin faɗa ba. Ranar da aka liƙa sakamako muka zo da wannan hujja, aka ce mana 39 ba ta san 40 ba.

Sai kuma wannan +C. Mutum ya yi intagireshan shafi guda, kowane layi daidai, ya manta harafi ɗaya a ƙarshe, jan biro ya sauka. Mun san dalili, ba mu ce ba shi da amfani ba. Amma akwai 'yar ajinmu da C ɗin da ta manta a takarda shi ne C ɗin da ta rasa a allon sakamako.

Da yake ka matsa mana, mun je mun binciko asalinka, kuma gidanku ma ba a rasa abin faɗa ba. Newton ya fara ƙulla ka ne a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kambirij ya koma ƙauye. (Mu ma akan rufe mana jami'a watanni, sai dai abin da muke ƙirƙirowa bai wuce teburin POS ba.) Leibniz ya buga nasa a 1684, kuma dy/dx da muke rubutawa nasa ne. Da rigima ta ɓarke kan wanda ya riga wani, kwamitin Royal Society ya fitar da rahoto a 1712 ya ba Newton gaskiya. Wa ke shugabantar ƙungiyar? Newton. Wa ya tsara rahoton a bayan fage? Shi ɗin dai. Ga mutumin da ya yi wa kansa makin takardarsa, kuma har yau hotonsa na cikin littattafanmu.

Na L'Hôpital ya fi. Dokar da muke haddacewa da sunansa, wadda ta fito a littafinsa na 1696, aikin Johann Bernoulli ne. Albashi yake biyan sa yana karɓar amsoshi. A jami'armu wanda ya yi haka gaban kwamitin maguɗin jarrabawa zai gurfana, ya tattara katifarsa ya koma gida.

Ita kanta limit ɗin, sai a ƙarni na 19 Cauchy da Weierstrass suka tsayar mata da ma'ana tsayayya, fiye da shekara ɗari da hamsin bayan Newton. Manyan ƙwaƙwalen Turai sun yi ta lalube tsawon wannan lokaci ba wanda ya ba su keri-oba. Mu an ba mu mako biyu, sannan tes ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe.

Kada ka ɗauka ƙin ka muke yi. Ranar da malam ya nuna cewa neman gangaren layi da neman faɗin filin da ke ƙarƙashinsa aiki ɗaya ne, gaba da baya, ɗakin ya yi tsit, har wani ya ce Allahu Akbar. Irin wannan ranar ce ba ta da gurbi a takardar maki.

Roƙonmu kaɗan ne. A dawo mana da takardun tes kafin jarrabawa, mu ga inda muka karkace tun da sauran lokaci, don a yanzu makin tes da na jarrabawa tare suke fitowa, ta'aziyya ɗaya. A ba da maki kan hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kauce. A sa lasifika mai aiki. Idan kuma duk wannan ya yi yawa, to a bar mu mu zaɓi mutum ɗaya daga cikinmu ya shugabanci kwamitin duba takardunmu, kamar yadda kakanka Newton ya yi.

Ka huta lafiya.

Naka masu biyayya dole,
'Yan layin baya