Injin da Ya Ƙi Fitsari

Duk mai hawa jirgin ruwa a Yawuri ya san lafiyar inji a fitsarinsa take. Wani siririn ruwa ne da yake tsartuwa ta gefen injin. Muddin yana zuba, to famfon da ke zuƙo ruwan kogi ya sanyaya shi yana aiki. Ranar da za mu kai goron neman auren ƙanena tsallaken Kwara, na sha sabuwar shadda, muna tsakiyar ruwa Yamaha ɗinmu mai doki 40 ya ɗauke fitsari ɗif.

Ƙauri ya tashi kamar an manta tukunya a kan wuta. Direba ya kashe inji, nan take kowa ya zama bakanike. Wani dattijo ya ce gurɓataccen fetur ne. Wata mai sayar da banda ta ce mutanen ruwa ne ba a yi wa sallama ba. Kawu ya ce a canja fulogi. Shi a wurinsa ko ciwon kai ma fulogi ne.

Direba bai tanka ba. Ya ɗago ƙafar injin, sai ga ledar fiya wata ta lafe a ramukan shan ruwa, saman farfela. Ya ɓalle ta, ya mayar da ƙafar, ya ja igiya. Inji ya tashi, fitsari shiru.

"Alhaji, kai ne kusa," ya ce, yana miƙo mini guntun zaren fatsa. "Zanzaro kan yi gini a ɗan ramin fitsarin nan. Sakace mana shi."

Na duƙa, na kai ido kusa, ina zurawa. Ashe gidan zanzaron bene ne. Ya feso mini ruwa mai ɗumi da laka, daga hula har aljihun gaba. Jirgi ya ɗauki "Alhamdu lillahi!" Ko mutum ɗaya bai ce mini sannu ba.

Murnar ba ta je ko'ina ba, fitsarin ya koma ɗiga. Robar famfon mai fukafukai ba ta jure juyawa a bushe, ledar nan ta riga ta sa ta ƙone, canjinta kuwa sai an kwance ƙafar injin a gaɓa. Direba ya jawo filafili biyu, ya ce tunda na riga na jiƙe, in karɓi ɗaya.

Bayan la'asar muka isa. Waliyyin yarinya ya gaisa da Kawu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa yara su kai wa yaron jirgi abincinsa zaure.