Kajin Inna Sun Fi Ni Arziki

Ranar Talata ɗan yayata ya sauka daga Ingila. Ko furar da aka dama masa bai shanye ba ya ce, "Kawu, gobe ka kai ni birni in ga tarihi." Shekarata hamsin da ɗoriya ina shiga Kano daga Bebeji, abin da na sani Kantin Kwari ne da Singa, sai asibiti in ta kama. Amma don kada yaro ya raina ni na ce ai Gidan Makama kamar zauren gidanmu yake a wurina. Sau uku muna tambayar hanya, alhali ga shi nan dab da fadar Sarki.

Wannan duk mai sauƙi ne. A Kasuwar Kurmi aka yi ta. Kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ƙarni na 15, wadda kakanninmu suka yi ciniki da fataken Agadas a lungunanta, a nan ɗan 'yar'uwata ya wuce alabe, ya wuce tandu, ya wuce takubba, ya je ya tsaya a kan wata fasasshiyar ƙwarya da gyartai ya ɗinke. Mai kaya ya dubi takalmin yaron, ya ce naira dubu ashirin. Ina gyara murya zan taya ɗari biyar, sai na ji kuɗi sun riga sun shiga. Ko "albarka" ɗaya ba a bar bawan Allah ya faɗa ba. Kunya ta kama shi har ya ƙara mana ludayi gyara.

Jama'a, irin ƙwaryar nan sak tana bayan ɗakin Inna, kaji ke shan ruwa a ciki. Wato shekara da shekaru ina cin bashin taki, zakaran gidanmu yana tsoma baki a dubu ashirin safe da yamma. A mota na yi ta lissafi: akushin da muke rufe ramin ɓera da shi, tsagaggen turmi, tulun da bakinsa ya guntule. Ashe ba talauci muke ba, gidan tarihi muke kwana ba mai karɓar kuɗin shiga. Na yanke shawara daga yau yaron da ya fasa ƙwarya ba duka, tukwici zan ba shi, tunda kuɗin a wurin tsagar yake. Matsalar ɗaya ce, gyartan unguwarmu ya daɗe da komawa liƙin bokiti.

Abin da ya ƙona min rai kuwa a Ƙofar Mata ne. Karofin da ake rini tun 1498, yau ramuka da yawa a bushe, 'yan dattawan da suka rage suna tsoma zane a baba suna jiran baƙo mai kyamara. Mu kuwa mun wuce Kwari neman atamfar da aka buga a Sin. Ganuwa ana ta yagar ta ana dasa shaguna, ba wanda ya ce uffan. Sai ranar da Bature ya ce abu ya yi kyau mu tuna kakanmu ne ya yi shi, mu ninka kuɗin.

Ga kuma masifar tsaraba. Mutum ya je Kano ya dawo a yini guda, a tare shi kamar ya sauko daga Arfa. Don haka na tsaya a Kura na sayi burodi uku, na ce na birni ne. Ba wanda ya musa, har maƙwabcina ya ce daga jin ƙanshinsa ka san ba na ƙauye ba ne.

Da dare yaro ya kwance ƙwaryarsa daga cikin takarda, ya miƙa wa Inna da hannu biyu, yana bayanin yadda zai rataye ta a bango ya haska mata fitila. Inna ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ɗaga ta duba ɗinkin.

"Allah ya yi maka albarka, maigidana," in ji ta. "Dama ta kajin ta fara yoyo."