Wasiƙa Zuwa Ga Baƙin Allon Waya

Ya kai baƙin allo,

Tun da Android 10 da iOS 13 suka shigo da kai wayoyinmu a 2019, WhatsApp ya bi sahu a watan Maris na 2020, masu karatun dare suka samu sa'ida. Idan an ɗauke wuta ba ka kashe wa mutum ido, kuma a waya mai gilashin OLED kana rage cin batir, domin duk inda baƙi yake, ɗigon hasken wurin a kashe yake. Wannan na yaba maka.

Kukana a kan launin rubutun da ake ɗora maka ne. Yawancin launukan nan an zaɓe su ne tun shafi yana fari. Da aka mayar da shi baƙi, sai aka bar su yadda suke. Dubi shuɗin nan mai duhu da ake yi wa rubutun da ake latsawa. Ƙungiyar W3C, a ƙa'idojinta na WCAG 2.0 na shekarar 2008, ta ce kada bambancin haske tsakanin ƙananan rubutu da bayansu ya gaza 4.5 bisa 1. Tsantsar shuɗi a kan fari ya haura 8, amma a kanka ko 2.5 bai kai ba. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarshen aji ranar da malam ya yi rubutu da shuɗin alli ya san wannan wahala. Wanda kuwa ya kafe rubutunsa da baƙin launi, maganarsa ɓacewa take yi ɗungurungum.

Fari fat ma ba shi ne magani ba. A cikin duhu ƙwayar ido buɗewa take yi, sai farin harafi ya riƙa yin dishi-dishi, musamman ga masu matsalar gani. Mu da ke karanta Hausa abin ya fi taɓa mu, don ɗan lanƙwasan da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ƙarami ne ƙwarai, shi ne farkon abin da ke narkewa. Shi ya sa Google, a tsarinsa na Material Design, ya ba da shawarar ruwan toka mai duhu a madadin baƙi ƙirin, a kuma rage farin rubutu zuwa kashi 87 cikin 100.

Don Allah ka isar min da saƙo ga masu ƙera manhaja. Kowane launi a yi masa biyu, na rana da na dare. Shuɗi da ja a sassauta su, su yi haske. Kafin a saki aiki, a miƙa wa dattijo mai tabarau wayar a ɗaki marar fitila, a ji ko zai karanta ba tare da ya kanne ido ba. Sannan a bar wa mai waya damar sauya launin da kansa idan na kamfani bai yi masa ba.

Wassalam.
Naka, wani mai karatun dare.