Nazari a Kan Ƙarnin da Ba Shi da Mai Shi a Gidajen Keffi

Daga cikin matsalolin zaman gida da masana ba su ba su haƙƙinsu ba a garin Keffi akwai ƙarnin da ke tashi alhali ba a sayi kifi ba, ba a soya ba, ba a kuma yi baƙon da ya shigo da shi ba. A wurin masu ilimin sinadarai, ƙarnin kifi aikin wani sinadari ne mai suna tirimetilamin, wanda ke fita idan ƙwayoyin bakteriya suka fara aiki a jikin kifin da ya mutu, kuma hanci yana tsinkayarsa ko da ɗan mitsitsi ne a cikin iska. Amma a wurin mutanen gida ƙarni laifi ne, laifi kuwa sai an samo mai shi kafin a damu da inda yake fitowa.

Binciken yana bin marhaloli sanannu, marhala kuwa ita ce zangon da ake yada zargi a kan wani kafin a ɗauke shi a kai kan na gaba, kuma jerin yana bin darajar mutum a gidan daga ƙasa zuwa sama. Akan fara da kyanwa, saboda ba ta da bakin kare kanta, sannan a haura kan yara da 'yar aiki, waɗanda ake jerawa ana sunsuna tafukansu ɗaya bayan ɗaya. Idan ba a dace ba, sai maganar ta shiga tsakanin matan gida, inda uwargida takan ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ni dai tun da nake a gidan nan ban taɓa jin irin wannan ba sai bana," jumlar da masu nazari suka fahimci cewa lissafinta yana farawa ne daga ranar ɗaurin auren amarya. Amarya kuma takan amsa cikin ladabi da cewa, "Yaya, ai kamar daga wajen firjinki iskar ke kaɗowa." Wannan zargi yana da ɗan tushe, domin kifin ƙanƙara yakan narke idan an ɗauke wuta, ruwansa ya tsiyaya ya kwanta a inda tsumma ba ya kaiwa, sai dai sau da yawa akan kwashe firjin a wanke shi tas, ƙarnin kuma ya dawo da daddare.

Marhala ta gaba ta maƙwabta ce, kuma ta fi bunƙasa a gidajen haya na Unguwar Lambu da kewayenta, waɗanda suka cika da ɗalibai tun bayan buɗe Jami'ar Jihar Nasarawa a farkon shekarun 2000, inda kowane ɗaki yake da tabbacin cewa tukunyar ɗakin kusa ce ke ɓata iskar gidan. Daga nan sai a tuna da silin, a yanke hukuncin cewa ɓera ne ya mutu a ciki. Abin lura a nan shi ne, garin da Magajinsa Ɗan Yamusa ya tunkari Kyaftin Maloni a 1902 har ya kashe shi, a yau ba a cika samun magidancin da zai tunkari mushen ɓera a cikinsa ba, sai dai a ɗaga ƙaramin yaro a tura shi da tocila, manya kuma su tsaya a ƙasa suna ba da umarni.

Idan yaron ya sauko da ƙura kawai, sai a koma ga turaren wuta, wanda ba ya korar ƙarni, sai dai ya zauna tare da shi su haifar da wani wari na uku. A wannan lokaci ne hancin mutanen gida yake sabawa, domin jijiyoyin shaƙa suna rage kai saƙo idan wari ɗaya ya daɗe a wuri, saboda haka maigida yakan sanar da cewa an shawo kan lamarin, alhali baƙon da ya shigo yana riƙe numfashi, kunya ta hana shi faɗa a cikin gidan, amma ba ta hana shi faɗa wa unguwa ba. Da labarin ya zagayo, sai a tabbatar da cewa abin ba na lafiya ba ne, a fara ambaton sammu da mutanen ɓoye, a kuma tuno wata baƙuwa da ta zo barka wata uku da suka wuce ta ƙi shan ruwa.

Duk tsawon wannan shari'a ba a cika lura da cewa ƙarnin yana zuwa ne idan an kawo wuta, ya kuma lafa idan an ɗauke ba. Yawancin soket da makunnin bango ana yin su ne da wata roba mai tauri da ake kira yuriya-fomaldehaid, wadda idan ta yi zafi fiye da kima take fitar da sinadarai 'yan gida ɗaya da na ruɓaɓɓen kifi. Soket irin wanda ake amfani da shi a Najeriya an yi shi ne don ɗaukar amfiya 13, wato nauyin da bai wuce wat 3,000 ba a wutar bolt 230, amma da zarar yara sun yi ihun an kawo wuta, sai a jona masa hita da dutsen guga da rishon lantarki da cajar wayoyin gidan gaba ɗaya ta hanyar jonin da aka saya da araha. Idan kuma wayar da ke ciki ba ta ɗauru da kyau ba, wurin yakan yi zafi ko da kayan ba su yi yawa ba. Ƙarnin da aka kwana ana neman mai shi gargaɗin gobara ne, kuma abin da ya kamata shi ne a kashe babban makunni, a duba soket ɗin da ya yi zafi ko ya sauya launi, a kira mai wayarin da ya san aikinsa.

Matsalar wannan bayani ita ce yana kai bincike marhalar da tsarin gida bai tanada ba, domin galibi maigida ne ya sayo soket ɗin bayan ya ƙi na kirki saboda tsada, shi ne kuma ya ɗaura shi da kansa da bakin wuƙa don kada ya biya mai gyara. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma babu wanda ya kai maigida tsayi a kan wannan tudu. Saboda haka da zarar mai wayarin ya ɓalle murfin ya nuna baƙin da ke ciki, sai a rufe binciken ba tare da rahoto ba, ba a ba amarya haƙuri, ba a wanke yara, kyanwa kuma ta riga ta koma maƙwabta. Maigida yakan gyara hula ya ce wutar ce aka kawo da ƙarfi, ya ɗora laifin a kan NEPA, hukumar da aka rushe tun 2005, wadda rashin kasancewarta a raye ya sa ta fi kowa dacewa da ɗaukar laifi a gidan da babba ba ya kuskure.