Mutanen Benci: Ire-iren 'Yan Kallon Reslin a Sakkwato

A gidajen kallon Sakkwato ƙwallo ce uwargida, reslin kuwa ba ta samun girki sai ranar da Firimiya ta tafi hutu. Duk da haka tana da mutanenta, kuma daga Mabera har Runjin Sambo, daga Arkilla har Gidan Igwai, halinsu ɗaya ne. Rumfar kwano, benci, fanka mai kaɗa iskar zafi, ga inji yana ruri a bayan zana. Manyan wasannin Amurka ba sa farawa sai dare ya raba a nan, don haka yawanci maimaici ake kallo washegari bayan la'asar. Wanda ya biya kuɗin ƙofa ya san waɗanda zai gani a akwati. Abin da ba a gaya masa shi ne wanda zai zauna kusa da shi.

Sarkinsu duka shi ne Tafinta. Babu wanda ya naɗa shi, babu kuma mai iya tuɓe shi. Mazauninsa bencin gaba, daidai gindin lasifika, hula a kan gwiwa, goro a kunci. Turancinsa bai wuce na cinikin kabu-kabu ba, amma da zarar ɗan wasa ya ɗauki makirufo, sai ka ji ya gyara murya. Roman Reigns zai yi minti goma yana zuba, Tafinta ya dunƙule maka shi a numfashi ɗaya: "Cewa yay yi, duk wanda uwatai ta ba nono shi hito." Idan abokin hamayya ya amsa: "Shi ko wanga ya ce gobe war haka kana asibiti."

A bakin Tafinta babu rikicin da ba na gida ba. Shekarun da Roman ya kwashe yana juya 'yan uwansa tagwaye, Jimmy da Jey Uso, mu a benci rigimar gado muka kalla: wai gona ce kakansu ya bari a bakin teku, Roman ya haɗiye. Paul Heyman, mai kwat ɗin nan da ke bin sa a lokacin rungume da bel, shi ne "lauyan da anka saye". Ranar da Cody Rhodes ya karɓe kambun a Afrilun 2024, bayan Roman ya riƙe shi kwana 1,316, Tafinta ya miƙe tsaye ya sanar da mu cewa wasiyya ce yaron ya cika wa ubansa. Abin haushi, a nan kam bai kauce wa hanya sosai ba, don uban nasa, Dusty Rhodes, ya rasu a 2015 bai taɓa ɗaura wannan bel ɗin ba. Irin wannan dacen, sau ɗaya a shekara, shi ke ba shi lasisin ƙaryar sauran watanni.

Ba Turanci kaɗai yake fassarawa ba. Great Khali, wanda Turawan ma ba sa gane abin da yake gurnani, Tafinta yana jin sa sarai: "Indiyanci na, tun zamanin sinima na iya shi." Shiru ma yana da fassara. In fitilu suka mutu aka buga ƙararrawar Undertaker, sai ya rage murya: "Ya ce a kawo makara." Wani lokaci wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, ba haka ya faɗa ba fa." Tafinta ko waiwayowa ba ya yi. "Kai Turancin takarda anka koya ma, wanga na hanci na." Kuma gida gaba ɗaya bayansa yake bi, har da ni, don ranar da ya yi tafiya Illela ɗalibin ya riƙe mana aikin, muka gane ashe mutanen nan ba wata maganar kirki suke yi ba.

Akwai Mai Tambayar Addini. Kafin ya zaɓi gwani sai ya taɓa ka: "Wanga Musulmi na?" Tun da ya ga hoton Sami Zayn a Umara bai sake duban kowa ba. Shi ne kuma ke musuluntar da John Cena duk shekara, da hujjar wani bidiyo da aka turo masa a WhatsApp.

Akwai Alƙalin Benci, wanda bai taɓa yarda da ƙidayar rafali ba. Da an danne mutum sai ya fara tasa, ɗaya, biyu, uku, da tafin hannu, a kan cinyarka.

Akwai Mai Barci. Fanka ya biya wa kuɗi. Ihu ne ke tashinsa, ya tambayi wa ya ci, ya ce dama ya sani, ya koma.

Sai Mai Ɗauka da Zafi, yawanci dattijo ne da ya shigo neman ɗansa ya zauna. A 2023, da Dominik ya tsaya gaban mahaifinsa Rey Mysterio yana gaya masa baƙaƙe, har ta kai su ga karawa a WrestleMania, wani irin wannan bawan Allah ya yi salati ya ce, "Ɗan ga ba ya gamawa lahiya." Da uban ya cire bel ɗin wandonsa ya tsula wa yaron, shi ya fi kowa tafi, ya fita yana cewa ashe Turawa ma sun san tarbiyya.

Kishiyarsa shi ne Malam Ai-Shiri-Ne. Yana biyan kuɗinsa cif, ya nemi wuri mai kyau, don kawai ya sanar da mu abin da kowa ya sani. "Duba, bai same shi ba." "Tebur ɗin ga an riga an zarce shi." Yana da hujjoji, kuma na gaskiya ne: tun 1989 kamfanin reslin na Vince McMahon ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa nishaɗi suke sayarwa, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Kane, dodon nan mai abin rufe fuska, sunansa Glenn Jacobs, kuma a 2018 aka zaɓe shi ya shugabanci wata gunduma a jihar Tennessee. To, mun ji. Fim ɗin Indiya da yake kuka a kai fa, a kotu aka ɗauka? Sakamakon ne shiri, faɗuwar kuwa jiki ke karɓar ta. A 1998 daga saman keji aka jefo Mick Foley ya ratsa tebur, a 1999 kuma Owen Hart ya faɗo daga rufin zauren wasa ya mutu. In ka gaya masa haka sai ya yi shiru na minti biyu, sannan ya ce, "Amma jinin can dai kala ta."

Wanda nake girmamawa a cikin masu raina wasan shi ne Baba, tsohon ɗan kokawa, mai wuya kamar ba a raba shi da kafaɗa ba. Shi ƙorafinsa na sana'a ne. A fagen da ya sani, a kan rairayi, da kaka bayan an kai amfanin gona gida, in bayanka ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su juya kirari wajen wanda ya kayar. A nan kuwa a maka mutum da ƙasa sau goma ya tashi yana kaɗa gashi. "Wagga wace irin kokowa ta, babu kiɗi, babu laya, babu kunya?" Daga nan sai ya haye Ƙonni da baki: gasar takobi ta Nijar da aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi, Salma Ɗan Rani, Kadade, har zuwa Isaka Isaka na Dosso. Ya rantse ko Omos, ƙaton nan haifaffen Legas mai tsawon fiye da ƙafa bakwai, ba zai yi minti ɗaya da su ba. Amma ban taɓa ganin ranar reslin ta wuce Baba bai zo ba.

Kusa da shi akan sami Masanin Tarihi, mai furfura a gemu, wanda komai aka nuna sai ya ce ba a yi wasa ba tun zamanin da NTA ke sa Mighty Igor da Mil Mascaras, ya kawo Power Mike, ya bayyana wa yaran da ba su tambaye shi ba cewa WWF ta koma WWE a 2002 saboda ƙarar da wata ƙungiyar kare namun daji ta kai. An ce wai har rubutu yake yi a mujalla yana zagin maƙwabtansa na benci. Mutumin kirki ne, a bar shi.

Mai Fasa Labari kuwa sai addu'a. Ya kwana a kan waya, ya zo da sakamako a baki. A 2014, ranar da za a nuna karawar Brock Lesnar da Undertaker, mutumin da ya ci wasa a WrestleMania sau 21 a jere ba a taɓa kayar da shi ba, wani ya leƙo ƙofa tun kafin a tada inji ya ce, "Kun ji an kashe Andateka?" Ya tafi abinsa, ko kuɗin shiga bai biya ba.

Duk waɗannan ina iya zama da su har tsufa. Wanda ba na iyawa shi ne ƙaton saurayin da in an tashi kallo yake tara ƙananan yara a bakin ƙofa, ya ce wannan Randy Orton ne, wancan Cena, ya haɗa su a kan siminti, shi kuma ya ɗaga waya yana ɗauka yana dariya. Wani lokaci da kansa yake ɗaga yaro ya juya shi kai ƙasa. Waɗancan na akwati sun yi shekaru suna koyon yadda ake faɗuwa, dandamalinsu yana da katako da soso, likita na tsaye a gefe, kamfanin ma da bakinsa yake gargaɗi kada a gwada a gida. Yaron Gidan Igwai ba shi da komai sai ƙashin wuyansa. Na ga wanda aka kwasa zuwa wurin mai ɗori, hannu na lilo, uwarsa na bin kabu-kabu da gudu ba takalmi, mai wayar kuwa ya ɓace. Wannan ba ɗan kallo ba ne, mugu ne, kuma duk babban da ya tsaya yana murmushi yana da kaso a ciki.

Maganin irinsa ɗaya na taɓa gani. Wata rana Baba ya fito ya tarar da wani yana wannan aiki. Bai yi faɗa ba. Ya tuɓe riga ya miƙa wa Mai Barci, ya nuna tudun yashin da aka zube don gini, ya ce, "Ɗana, zaka ka gwada da ni." Kafin Alƙalin Benci ya ɗaga hannu saurayin yana kwance yana kallon sama, wayar a can gefe. Malam Ai-Shiri-Ne ya buɗe baki ya rufe. Saurayin ya yi wani nishi mai tsawo, Tafinta ya juyo wurinmu ya ce, "Ya ce ya tuba."