Yadda Wani Bunsurun Shagari Ya Kai Ni Gaban Maigari

Masana tarihi sun tabbatar da cewa fatar nan da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, wadda suke yi wa manyan littattafansu bango da ita, da yawa daga cikinta a jikin jar akuyar Sakkwato ta fito, majema suka jeme ta, fatake suka ɗora wa raƙuma, suka ƙetare Sahara da ita. Wannan labari shi ya ruɗe ni, ni malamin makaranta mazaunin Boɗinga, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa zama yana karantarwa, har na raya a zuciyata cewa dabbar da ta yi wa ilimi hidima irin wannan ba za ta rasa ladabi ga ma'abocin alƙalami ba.

Sai na zauna na buga hisabi. Akuya wata 5 take goyon ciki, ja kuwa ta shahara da tagwaye. Saboda haka idan na fara da mata huɗu da bunsuru guda, 'ya'ya maza a dandaƙe su, a tura su da dusa da harawa da ɗan kanwa har su yi kitse, a miƙa wa mahauta, matan kuma su ci gaba da hayayyafa, ba da jimawa ba garken zai cika 40, wato nisabi, zakka ta wajaba a kaina. Tun ban mallaki ko ƙaho ba na fara zaɓen wanda ya cancanci zakkar a cikin dangi. Uwargida ta leƙa takardar ta ce, "Malam, awakin takarda dai ba su cin harawa."

Na nufi Shagari, inda wani dillali mai bakin zuma ya jawo mini wani jan bunsuru mai gemu, ya ce, "Allah gafarta Malam, wanga bunsuru salihi ne, ko ganyen maƙwabci bai kallo." Na biya kuɗi, na biya la'ada, har da godiya, na haɗa shi da mata huɗun da na lissafa.

Rani ya wuce lafiya, gama a lokacin gonaki fayau suke, dabba na yawonta tana tsintar 'ya'yan gawo. Da ruwa ya sauka, aka yi shuka, kowa ya ɗaure nasa a turke, harawa ta yi tsada, mura da zawo suka kwashe mini ƙanana kafin in kai su ga malamin dabbobi, a nan ne salihin ya bayyana karamarsa: ba igiyar da ba ya taunewa, kuma don tsabar zumunci idan ya kwance kansa sai ya bi matan ya taune tasu.

Wata safiya aka yi mini sammaci. Maƙwabcina, wanda gonarsa ke manne da dangata, ya tsaya gaban maigari yana huci, ya ce, "Ranka shi daɗe, geron da ya fara fidda kai, awakin Malam sun yi masa aski." Ni kuwa na gyara zama, na gyara murya, na ce ai Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya karanta, ta rarrabe mas'alar: ɓarnar da dabbobi suka yi da dare tana kan mai su, ta rana kuwa babu lamuni, kuma ina da yaƙini awakina ba su fita ba sai da sauran rana. Mai gona ya rantse bayan magariba ne. Aka nemi shaida, ladan ya ce shi dai yana alwala ya ga bunsurun ya wuce, matan na biye da shi sahu guda, rana ba ta faɗi ba. Amma fitowarsu, ciki kamar ganga, sai bayan lisha.

Majalisa ta yi tsit, duk aka dubi liman. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Malam, sun shiga a fatawarka, sun ci a fatawarsa." Sa'an nan ya ƙara da cewa malaman mazhabar Malikiyya sun yi wa rangwamen rana ƙaidi, sai ga wanda ya kora dabbobinsa nesa da shuke-shuke, wanda kuwa turkensa ke shaƙar iskar gonar mutane, ba shi da mafaka a wannan babi. Aka ƙiyasta ɓarna, aka yanka mini damman gero, na sayar da akuya biyu na biya.

Na ja bunsurun zuwa wurin mahauci, ya sunsuna daga nesa, ya ce naman da ba a dandaƙe ba ko karensa sai ya yi shawara. Ragowar biyun uwargida ta karɓe su, ta ɗaure da sarƙa, yanzu har sun ba ta jikoki, ba ta kuwa taɓa buga hisabi ba.

Bunsurun yana nan, ya ƙara gemu. Duk mai bukatar salihi ya neme ni a Boɗinga bayan la'asar; ba dillali, ba la'ada, amma ya zo da sarƙarsa.